Dalar da ke cikin adudun kaka

Ɗan'uwa mai karatu, ko 'yar'uwa, darasinmu na yau a kan kuɗi ne, amma ba kuɗin cefane ba.

Mu ƙaddara wata tsohuwa ta rasu a gidanku, Allah ya jiƙanta. An buɗe adudunta a gaban magada. Ƙarƙashin zannuwa sai ga wani ƙullin tsumma. Da aka kwance, sai ga tsohuwar dala ta azurfa, babba, ta yi baƙi-baƙi, da huji a samanta. A fuska guda akwai hoton mace. Kusa da hoton an karta wani ɗan rubutu da hannu. Wani ya ce a kai wa maƙeri ya narke ta a yi 'yan kunne. Wani ya duba ya ga 1780, ya ce, "Kai! Wannan ta haura shekara 240, masu sayen kayan da za su biya miliyan." Wata kuma ta ce laya ce, kada kowa ya taɓa.

Irin wannan na faruwa a Birni da Zango, da Mirya, da Magarya, da Kance. Su ukun nan kuwa duk suna iya yin kuskure. Rashin sani ya fi dare duhu. To, kai da ka fara gane baƙi da lamba, kai ne ya kamata ka ce a dakata tukuna, a karanta.

Abu na farko da za ka riƙe shi ne wannan: rubutu iri biyu ne a jikin irin wannan dala. Shafa ta da yatsa. Akwai wanda ya taso, kana jin tudunsa. Wannan na gidan buga kuɗi ne, da shi aka haife ta. Akwai kuma wanda ya nutsa ciki kamar an ja layi da tsinin wuƙa. Wannan aikin hannu ne, daga baya ya zo. Na farko zai gaya maka daga ina dala ta fito. Na biyu zai gaya maka hannun wa ta bi. Kada ka haɗa su, don shekarunsu ba ɗaya ba ne.

Matar da ke jikin dala

Fara da rubutun da ya taso. Juya dalar a hankali, ka bi baƙaƙen da suka kewaye hoton. In ka ga M. THERESIA, to ka san da wa kake magana. Sunanta Mariya Teresa, sarauniyar Ostiriya, can ƙasar Turai. An haife ta a 1717, ta hau sarauta a 1740, ta rasu a 1780. 'Ya'ya 16 ta haifa. Mayafin da ka gani a kanta na zaman makoki ne, domin mijinta ya riga ta rasuwa tun 1765. Baƙaƙen D. G. da ke bin sunanta Latinanci ne aka taƙaita, ma'anarsu "da yardar Allah". Sauran kuma suna lissafa ƙasashen da take sarauta. Ƙarƙashin hoton akwai ƙananan baƙaƙe biyu, S. F. Kada ka ɗauka sunan saurayi da budurwa ne. Farkon sunayen ma'aikata biyu ne na gidan da ake buga kuɗin.

Juya bayanta. Za ka ga mikiya mai kai biyu, ta buɗe fukafukai, da kambi a samanta. A ƙarshen rubutun da ya kewaye ta ga 1780, sai wata alama kamar X. Yanzu duba bakin dalar, wato kaurinta. Nan ma akwai rubutu: IUSTITIA ET CLEMENTIA, wato adalci da rangwame. An sa shi ne don kada wani ya kankare bakin ya saci azurfa ba a gane ba.

To, ga inda mutane ke faɗawa rami. Wannan 1780 ba ita ce shekarar da aka buga dalarka ba. Lokacin da sarauniyar ta rasu, fatake na ƙasashen Larabawa da Habasha sun riga sun saba da wannan kuɗi, sun yarda da azurfarsa, ba su son wani. Sai gidan buga kuɗi ya ci gaba da buga shi yadda yake, bai sake hoto ba, bai sake shekara ba. A 1858 aka daina cin kasuwa da shi a Ostiriya kanta, amma ba a daina bugawa ba. Italiya ta buga shi a birnin Rum daga 1935, lokacin yaƙinta da Habasha. An buga shi a Landan da Paris. Ingila ta buga shi har a Bambai ta ƙasar Indiya cikin yaƙin duniya na biyu. Waɗanda aka buga sun haura miliyan 300, kuma har gobe ana buga sababbi a birnin Biyana. Dukansu 1780 ke jikinsu.

Ka gani? Dalar kakarka tana iya zama ta zamanin Sarki Tanimu, wanda ya kewaye Birni da ganuwa ya rasu a 1884. Tana kuma iya zama ta 1940. Masana na rarrabe su da ƙananan alamu, kamar yawan ɗige-ɗigen da ke jikin maɓallin kafaɗar sarauniya da yadda aka tsara baƙaƙen. Wannan sai da madubin ƙara girma da littafi. Amma maɓallin nan, mutanen da ma suna dubansa. In ɗige-ɗigensa sun shafe, ɗan kasuwa ya san dala ta sha hannu, azurfarta ta ragu, sai ya rage mata daraja ko ya ƙi karɓa.

Yaya ta zo nan? Ta hamada, a bayan raƙuma, tare da fataken Tarabulus da Gadamas, da kuma ta wajen Borno. A lokacin, kuɗin kasuwa wuri ne. Wani Bajamushe matafiyi mai suna Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya iske ana canjin dala ɗaya da wuri 2,500 a Kano a 1851. A watan Janairu na 1853 yana zaune a nan Damagaram aka kawo masa dala 1,000 daga arewa, an ɓoye su cikin akwatunan sukari biyu don kada a sani. Ɗauki alƙalami ka yi lissafi. Dala 1,000 sau 2,500, wuri 2,500,000 ke nan. Keso ɗaya wuri 20,000 ne, ka ga keso 125. Raƙuma nawa za su ɗauka? Ita kuwa azurfar duka ba ta wuce kilo 28 ba. Shi ya sa attajirai suka so ta, shi ya sa kuma ta zama abin ba wanda ake ƙauna. Wanda ya ba yarinya dala guda a wancan zamani, ba ƙaramin toshi ya yi ba.

Kalmar "dala" ma daga can ta samo asali. Jamusawa na ce wa irin wannan kuɗi "tala", daga nan aka sami "dala" ta Amurka da tamu. Wasu tsofaffi na ce mata liyari. Yau in ka ce dala a kasuwar Dole, 'yar ƙaramar tsabar nan ce ta tamma 5, mai ruwan tagulla. Suna ya zauna, azurfa ta tafi.

In ba mace ba ce

Wata dalar ba hoton mace ke jikinta ba. Za ka ga mutum uku a tsaye: ƙato mai gemu a tsakiya, da mata biyu sun kama hannun juna. A baya an rubuta 5 FRANCS da shekara. Ko kuma ka ga kan namiji mai ɗan gemu da tsini, da sunan NAPOLEON III. Waɗannan na Faransa ne. A bakinsu an rubuta DIEU PROTEGE LA FRANCE, wato Allah ya kare Faransa. In akwai ƙaramin baƙin A, a Paris aka buga. In K ne, a Bordo. Wani lokaci kuma sunan LEOPOLD II za ka gani, sarkin Beljiyam mai dogon gemu. Nauyinsu ɗaya da na Faransa, tare suke yawo.

Su kam shekarar da ke jikinsu gaskiya ce. In an rubuta 1873, a 1873 aka buga. Sai dai fa kada ka ce a 1873 aka ba kakarka. Sojan Faransa sun ci Damagaram a 1899, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Garin nan ne hedkwatar mulkinsu daga 1911 har 1926, kafin su koma Yamai. A cikin waɗannan shekaru ne kuɗinsu ya yawaita a hannun mutane, ta hanyar albashin soja da ma'aikata, da harajin da suka tilasta a biya da shi. Saboda haka dalar 1873 tana iya yin shekara 40 tana yawo kafin ta iso hannun saurayin da ya kai ta wurin maƙeri.

Akwai kuma na ƙetaren iyaka, waɗanda 'yan ci rani da fatake ke dawowa da su daga Kano da Daura. Sule mai hoton itacen kwakwa, in shekararsa tsakanin 1913 da 1919 take, azurfa ne mai kyau. Na bayan 1920 mai launin rawaya ba azurfa ba ne. Kobo mai huji a tsakiya, da tauraro mai tsini shida, da rubutun Larabci, shi haka aka ƙera shi. Hujin ba aikin masoyi ba ne, tauraron kuma ba hatimin malami ba ne.

Rubutun hannu

Yanzu mu zo ga abin da ya fi daɗi. Karta suna a jikin kuɗi a ba masoyi ba mu kaɗai muka san shi ba. A Amurka, wajen shekarun 1870 da 1880, samari kan sa a goge fuska guda ta ƙaramar tsabar azurfa ta yi sumul, a zana farkon baƙaƙen suna, 'yan mata su jera su a munduwa. A Ingila kuma, fursunonin da ake kora zuwa Ostireliya kan goge babban kobo su rubuta sunansu da saƙon ban kwana su bar wa mata ko uwa, don sun san da wuya su dawo. A nan wurinmu an fi barin hoton yadda yake. Maƙerin farfaru ya huda dala, ko ya liƙa mata kunne a rataya, ko ya ɗora ta a kan zobe. Da yawa kuma an narke su an yi mundaye da zobba da kayan adon Buzaye. In akwai suna, a ɗan filin da ke gaban fuskar hoton ko bayan ƙeya ake matsa shi.

Fita da ita waje da hantsi, ka karkata ta har inuwa ta shiga cikin layukan. Wane irin rubutu ne?

In ajami ne, duba ɗigon baƙin fa. Malaman ƙasar nan a ƙarƙashi suke sa shi, yadda aka koya mana a allo. Larabawan gabas a sama suke sawa. In ka ga an rubuta suna irin su Fatsuma ko Falmata da ɗigo a ƙasa, alama ce hannun ƙasashenmu ne ya rubuta, ba da shi aka zo daga Makka ko Masar ba. In akwai shekara da lambobin Larabci, ta Hijira ce. Misali 1320 ta fara a 1902, 1340 a 1921, 1360 kuma a 1941. In ka sami irin wannan ka yi sa'a, don ita ce shekarar da kake nema.

In boko ne, manyan baƙaƙe biyu ko uku da ɗigo a tsakani, to ka tuna boko bai shigo ƙasar nan ba sai da zuwan Nasara. Mai wannan aiki ɗan lakwal ne, ko soja, ko magatakarda, ko wanda ya zauna kusa da su. Ko da 1780 ke jikin dalar, rubutun bai girmi 1899 ba.

In kuwa ka ga 'yan zagaye da ɗige-ɗige da gajerun layuka, kada ka yi saurin cewa ado ne. Yana yiwuwa tifinar ne, rubutun Buzaye. Maƙeransu kan sa sunansu a bayan abin da suka ƙera. Nemi wanda ya iya ya karanta maka, a Zango ba za ka rasa ba. Ashe ka ga, wani sunan na maƙeri ne ba na masoyi ba.

In ɗakuna ne aka zana kamar gidan dara, da baƙi ko lamba a kowane ɗaki, wannan hatimi ne. Malami za ka kai wa. Wata tsagar kuma ba rubutu ba ce sam. Ɗan kasuwa ne ya yanki baki don ya ga ko cikin ma azurfa ne.

Rubutun tsoho ne ko sabo? Ido zai gaya maka. Layin da ya daɗe, bakinsa ya yi laushi, dauɗa ta cika cikinsa, ya sha gogayya daidai da hoton da ke kusa da shi. In hancin sarauniya ya shafe amma layin suna yana da kaifi yana ƙyalli, jiya-jiya aka yi shi. Dubi hujin ma. Wanda aka daɗe ana ratayawa, zare ya ci shi ta sama, ya yi tsawo kamar ƙwai. Bayan dalar kuma, ɓangaren da ke kwanciya a ƙirji, ya fi gogewa. Azurfa ba ta gogewa haka a wata guda. Shekaru ne a wuyan mutum.

Ni a ganina wannan hujin ya fi 1780 ba da labari. Ka san matan da ba su faɗin sunan miji, musamman na fari, saboda kunya. Tsohuwa za ta yi shekara 50 tana cewa "shi" ko "malam" ko "mai gidan nan". Amma ga sunan da bakinta bai taɓa furtawa ba a rataye a wuyanta, har zare ya ci azurfa.

Sai dai a nan ne ya kamata ka kama bakinka. Yana yiwuwa ka karanta, sunan da ya fito ba na kakanka ba ne. Kada ka fita tsakar gida da shi. Yana iya zama sunan mijinta na fari da ya rasu tana yarinya. Yana iya zama na ubanta, ko na ɗan da ta rasa. Dalar ma wataƙila ta uwarta ce ta gada, ko jingina ce aka kawo cikin wata yunwa ba a dawo an fansa ba. Dala na faɗin suna, ba ta faɗin dalili. Je wurin tsohuwar da ta fi kowa shekaru a dangi, ku kaɗai, ka gaishe ta, ka ce, "Inna, kin san wannan?" Ka bar ta ta juya ta a hannunta. In ta yi magana ka rubuta. In ta yi shiru ta mayar maka, kai ma ka yi shiru.

Nawa za ta yi?

Tunda gado ne, dole a san kimarta kafin a raba. A kai ta ma'aunin maƙerin farfaru, kana tsaye, kai ma ka karanta lambar. Dalar Mariya Teresa cikakkiya giram 28 ce, faɗinta kusan santimita 4, azurfa zalla da ke cikinta ta ɗan haura giram 23. Ta Faransa giram 25 ce, azurfarta giram 22 da rabi. Huji da gogewa kan rage kaɗan, kunnen da aka liƙa kuma kan ƙara kaɗan. Amma in ma'auni ya nuna giram 20 ko ƙasa, ka yi shakka.

Akwai na jabu, kuma ba yau aka fara ba. Wadda aka yi da zubi, baƙaƙenta sun yi dishi-dishi, jikinta da ƙananan ramuka kamar zanzana, rubutun bakinta ba ya karantuwa ko babu shi ɗungum. Kanga mata maganaɗisu. In ya kama ta, ba azurfa ba ce. In bai kama ba, kada ka yi murna tukuna, don tagulla da dalma ma ba ya kama su. Ɗora ta a kan yatsa ka ƙwanƙwasa ta da wata tsabar. Azurfa na da amo mai tsawo, dalma kuwa tib take yi. Wadda aka liƙa wa kunne ko zobe ba ta yin amo sosai, ko da ta gaske ce.

Gaskiyar magana, yawancin waɗannan daloli kuɗin azurfarsu ne kuɗinsu, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Suna da yawa a duniya, masu tara tsofaffin kuɗi kuma sun fi son wadda ba a huda ba. Wanda ya ce maka miliyan, mafarki yake. Wanda kuma ya ce "ƙarfen banza ne, kawo in ba ka dala ɗari," so yake ya cuce ka. Tambayi kuɗin giram ɗaya na azurfa a wurin maƙera biyu ko uku, ka ninka da kanka. In magada sun yarda da kimar, mutum ɗaya na iya biyan sauran rabonsu ya riƙe dalar. Da a narke ta gara haka, don azurfa ana samun wata a kasuwa, sunan kuwa in ya shiga wuta ya tafi.

Kada ka goge ta da toka, ko yashi, ko lemon tsami don ta yi ƙyalli. Baƙin da ke cikin layukan shi ke sa ana ganin rubutun, gugar kuma na cinye layin da bai nutsa sosai ba. Ruwa da ɗan sabulu da tsumma mai laushi sun isa.

In akwai irin wannan dala a gidanku, ba sai ka fito da ita ba. Ɗora farar takarda a kanta, ka goga fensir a hankali a kwance, hoton da baƙaƙen za su fito. Yi wa fuska biyun haka. A ƙasan takardar ka kwafi rubutun hannun yadda ka gan shi, ko ba ka gane shi ba, ka rubuta sunan mai ita da garin da aka yi mata aure. Ka zo da takardar aji mu karanta tare.